Ba a Zuwa Gayya da Ɗan Yatsa

Assalamu alaikum ƙannena matasa, na Garwa da Marwa da Kuseri har zuwa ƙetaren kogin Logone.

Wani dare matar maƙwabcina ta haihu a wani asibiti a nan Garwa, jini ya ɓalle mata. Aka ce a kawo masu ba da jini. Na rubuta a zauren WhatsApp na unguwarmu, wanda yake cike da samari majiya ƙarfi. Kafin minti goma addu'o'i sun cika zauren. "Allah ya ba ta lafiya." "Na tura gaba." Ina tsaye a bakin ƙofa ina ta duban hanya, babu ko mutum ɗaya. Sai na bar rubutu na fara buga waya, ina kiran mutane da sunansu: wane, kai nake nufi, taso yanzu, ga kuɗin mashin. Na kira huɗu, uku suka zo. Dukansu sun ga saƙon tun farko, kowa ya ɗauka wani ya riga ya tafi. Matar tana nan da ranta, alhamdulillahi, amma tsayuwar nan ta bakin ƙofa ba ta bar zuciyata ba.

Addu'a ibada ce, ba na raina ta. Tura saƙo ma yana da ladansa, domin Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi nuni zuwa ga alheri yana da kwatankwacin ladan wanda ya aikata shi. Abin da ke damuna shi ne yadda danna waya yake sanyaya mana zuciya, mu ji kamar mun sauke nauyi, alhali ko takalmi ba mu sa ba.

Iyayenmu sun fi mu gane wannan. Mai gonar da zai yi gayya ba ya tsayawa a kasuwa ya yi shela ya koma gida. Gida-gida yake bi da goronsa, ya faɗa wa kowa rana. Wanda aka dubi idonsa aka gayyata ya san in bai zo ba za a ga gurbinsa a kunya. Saƙon da aka watsa wa mutum ɗari biyu kuwa bai hau wuyan kowa ba. Har a Amurka haka abin yake. Wani masani, Doug McAdam, ya bi takardun ɗaliban da suka nemi zuwa jihar Mississippi a 1964 don taimaka wa baƙaƙen fata su yi rajistar zaɓe, aiki mai haɗarin rai. Ya tarar waɗanda suke da aboki na kusa a cikin tafiyar sun fi cika alkawari, marasa kowa a ciki sun fi janyewa.

To kai da ƙungiyarku ta buɗe shafin Facebook, kake ƙirga masu bibiya, ka sani ba su ne ma'aikatanka ba. Shafi yana kai labari nesa, wannan amfaninsa ne. Mai zuwa yashe kwata ranar Lahadi kuwa abokin wani ne da ya ja hannunsa.

Ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani sosai. Zumuncin da ke fito da mu shi ne kuma yake yi mana katanga. Ku tuna daminar 2024. Ruwa ya shafi dukkan larduna 23 na Chadi, mutane kusan miliyan biyu, sama da 570 suka rasu. A Arewa Mai Nisa ta Kamaru sama da mutum 400,000 abin ya taɓa, yankunan Mayo-Danay da Logone-Shari suka fi jin jiki, gadar Yagwa ta karye a watan Satumba. Ku buɗe zaurukanku ku duba gudummawar da muka tara a lokacin, ina ta tafi? Mafi yawa wurin wanda yake da ɗan'uwa a cikinmu, mai waya, mai jin Hausa ko Fulatanci. Tsohuwar da ke zaune kan tudu a bakin Logone, mai magana da yaren Masa ko Musgum, ba ta da wanda zai ɗauki hotonta ya sa a zaure. Yunwarta ba ta gaza ta ɗan'uwanmu ba. A yankin da ya ga abin da ya faru a Logone-Birni a 2021, lokacin da rikicin makiyaya da masunta kan ruwa ya kori dubban mutane zuwa Njamena, taimakon da ke bin layin ƙabila ƙara wa wuta itace yake yi. Ku shigo da wanda ba yarenku ba cikin tafiyar, ku ba shi magana, ku bar shi ya nuna muku ƙauyen da ba ku sani ba.

Sai batun kuɗi. Idan ka tura lambar Orange Money ko MoMo ka ce a taimaka, mutane ba lambar suka yarda da ita ba, kai suka yarda da kai. Kada ka tura roƙon da ba ka san tushensa ba. Hoton majinyaci yakan yi shekaru yana yawo bayan mai shi ya warke ko ya rasu. Ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, haka hadisi ya zo. In ku kuka tara, kada kuɗin ya zauna a hannun mutum ɗaya, kuma ku fito da lissafi har sefa ɗari. Fuskar mabukaci kuma ba allon tallarku ba ce. Ku nemi izininsa kafin ku ɗauke shi hoto, in ya ƙi ku ba shi buhunsa ku wuce.

Kuma kyakkyawar niyya ba ta koya wa mutum tsayar da jini ko ciro wanda ruwa ya ci. Kamaru ta yi dokar tsara aikin sa kai tun 2021, ƙungiyar Red Cross tana horar da masu agajin farko, Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana ɗaukar masu sa kai ta intanet, har da aikin fassara. Mai Faransanci da Hausa da Fulatanci a baki ɗaya, ana bukatarsa. Ka je ka yi rajista, kuma kada ka tafi kai kaɗai, ka ja abokinka.

'Yan'uwanmu na Chadi sun ɗanɗani rufe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata goma sha shida. Saboda haka mu a unguwarmu muka koma ga littafi da biro. Mun rubuta sunan duk wanda ya yarda zai ba da jini, da rukunin jininsa, da gidansu. Kwafi ɗaya yana wurin liman, ɗaya wurin jauro, wato mai unguwa. Ina roƙon kowace unguwa ta yi nata kafin ruwan Agusta ya sauka. Wanda bai san rukunin jininsa ba ya je a gwada shi a makon nan.