Ramuka 18 aka sayar mana, tara muka tarar, su ma duk an huhhuda su

Duk mutumin da ya gina otel da filin golf a can ƙuryar daji, inda sai mota ta yi awoyi kafin ta kai, ya san cewa baƙon da ya iso ba shi da wurin zuwa. Ba zai yi fushi ya tsallaka titi ya shiga wani otel ba, don babu titin, babu otel ɗin. Nisan nan shi suke tallatawa, wai shiru, wai iska mai daɗi, wai babu hayaniyar gari, kuma da nisan nan suke ɗaure mutum su yi masa yadda suka ga dama. Abin da aka yi mana ke nan a wani wurin shaƙatawa da ke kudancin Kamaru kusa da teku, kuma wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mu masu buga golf a nan arewacin Kamaru ba mu da yawa. Ni a arewacin Najeriya na koya, inda fatauci ke kai ni, a irin filayen da babu ciyawa a bakin rami sai rairayi da aka kwaɓa da mai, a share maka hanya kafin ka tura ƙwallo. A Garwa kuwa, in ruwan Binuwai ya ja baya da rani, kan yashi muke zuwa mu motsa hannu. To mutumin da ya saba da haka, babban burinsa shi ne ya tsaya a kan girin na gaske, ciyawa kore shar da aka aske ƙasa-ƙasa, ya ga ƙwallonsa tana gangarawa sumul har ta faɗa ramin nan mai faɗin milimita 108. Hotunan da suka turo mana ta WhatsApp ke nan. Ramuka 18, suka ce, komai a shirye. Suka nemi kafin alƙalami na rabin kuɗin ɗaki da na wasa, muka tura ta waya, suka aiko da godiya.

Bayan ƙaramar salla muka tashi, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Wanda bai taɓa yin wannan tafiya ba zai ɗauka wasa ne. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 a mota, da hawan dutsen nan na falez inda manyan motoci ke rarrafe, da shingen jandarma ana duba katin shaida. Daga nan jirgin ƙasa na dare, sama da kilomita 600 zuwa Yawunde. Sannan wata motar zuwa kudu, kana jan jakar sanduna ana kallonka kamar ka ɗauko bindigogi, kowane ɗan dako yana ninka maka kuɗi. Motar otel da aka yi alkawarin za ta tarye mu a gari na ƙarshe ba ta zo ba, wayarsu tana ta ƙara ba mai ɗauka, sai shatar wata muka yi ta bi da mu jar hanya har ƙofa. Wannan duk na yafe. Tafiya ce, kowa ya san halinta.

Abin da ba zan yafe ba shi ne abin da muka gani da safe. Girin na farko, tun daga nesa, fari fat. Da muka matsa sai ga shi an bi shi da inji an huhhuda, ƙananan ramuka jere reras, an watsa yashi an cike. Alhajin da muka tafi tare, wanda ya girme ni kuma shi ya fara kawo shawarar tafiyar, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ƙanena, ashe yashin da muka baro a gida shi muka biyo har nan da kuɗinmu."

Kada wani ya ce ban san aikin ba. Na sani sarai. Ƙasar girin tana daddaɓewa saboda tattaki da nauyin injin aski, ruwa ya daina shiga, saiwa ta rasa iska, ciyawa ta fara mutuwa. Maganinsa a huda ƙasar, a cire 'yan dunƙule, a cika gurbin da yashi. Kowane filin kirki a duniya yana yin haka sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ana yi ne lokacin da ciyawa ke tsiro da ƙarfi don ta yi saurin rufewa, shi ya sa farkon ruwan kudu ya dace da aikin. Amma kafin ta warke sai an yi mako biyu ko uku, kuma a tsakanin nan ƙwallo ba ta tafiya, tsalle take yi tana karkacewa, gwani da ɗan koyo duk ɗaya suke. Aiki ne da ake tsarawa tun watanni kafin ranar, ana tanadin yashi, ana gyara inji. Ba ruwan sama ba ne da zai zo bagatatan. Ranar da suka karɓi kuɗinmu sun san ranar da za su huda filin. Sun sani, suka yi shiru.

Muna cikin wannan sai aka ce mana ramuka tara na baya, waɗanda ba a taɓa ba tukuna, an ba wani kamfani haya na ƙarshen mako, za su yi gasar ma'aikatansu. Wato ɓangaren mai kyau na masu tanti da lasifika ne, mu kuma da muka keto ƙasa tun daga arewa mu zagaya taran da aka lalata sau biyu, a rubuta mana 18 a takarda. Lokacin farawa ma da aka ba mu da sassafe aka ɗaga shi zuwa tsakar rana, sa'ad da gumin kudu ke jiƙa riga tun kafin ka ɗaga sanda.

Na nemi manaja. Ya fito da murmushinsa da Faransancinsa mai santsi, ya ce ai gyaran don amfanin baƙi ake yi. Na ce, yallaɓai, wane baƙo? Na wata mai zuwa? Ni na yau ne, kuma kuɗin yau na biya cif. Ya ce dokar gidan ba ta mayar da kafin alƙalami. Na ce to a rage kuɗin wasa tun da rabin fili aka ba mu, rabin ma marar lafiya. Ya ce farashin a kwamfuta yake, ba shi da ikon taɓawa, sai dai ya ba mu lemo kyauta. Lemo! Dattijo ya kwana a jirgin ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura, a sallame shi da kwalbar lemo. Ya san babu motar da za ta fitar da mu a ranar, ya san tikitinmu na komawa yana da rana, shi ya sa ko gezau bai yi ba.

Abin haushin shi ne ba wani sabon ilimi ake nema a wurinsu ba. Tsohon filin St Andrews na Sikotilan, inda aka tsayar da ramuka 18 tun 1764, ba a wasa a cikinsa ranar Lahadi sai in babbar gasa ce, kuma duniya ta san haka, ba wanda zai tashi daga Japan ya je ya tarar da mamaki. Da hunturu ma 'yar tabarma suke ba mai wasa ya ɗora ƙwallo don kada a illata ciyawa, suna faɗa tun da wuri, kuɗin kuma ya sauka. Wurin golf na Bandon Dunes da ke gaɓar tekun Oregon a Amurka, wanda aka buɗe a 1999, tafiyar awoyi ce a mota daga Portland, kuma sun gaya wa kowa a fili cewa da ƙafa ake zagaya filinsu, amma mutane suna kama wuri tun watanni da yawa kafin su je. Nisa bai hana su ciniki ba, saboda wanda ya je yana samun abin da aka ce zai samu. Filaye da dama suna rubuta ranakun huda girin a shafinsu na intanet. Saƙo ɗaya ta waya ya ishe mu mu ɗaga tafiyar.

Sai maganar kadi, yaran da ke ɗaukar jaka. Wanda ya bi ni ɗan arewa ne, da ya ji muna Hausa sai fuskarsa ta washe. Awa huɗu yana saɓe da jaka mai sanduna 14, yana shiga ciyayi neman ƙwallo, yana gaya mini inda ƙasa ta karkata, kuma shi kaɗai ne a gidan nan ya ba mu haƙuri da zuciya ɗaya. A takardar biya akwai layi na musamman, kuɗin kadi, mai kauri kuwa. Da na tambaye shi nawa ke isa hannunsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, abin da baƙo ya miƙa mana da hannunsa shi ne namu." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ashe sau biyu ake biyan kadi a wurin, ɗaya na ofis, ɗaya na wanda ya yi aikin, kuma baƙon da bai tambaya ba zai tafi yana ganin ya sallami yaron.

Abinci ba zan tsaya a kansa ba. Mun tambaya tun muna gida ko akwai naman yanka, aka ce akwai, muka ƙare a kifi safe da dare. Wurin salla kuwa tsakanin gado da bango.

Na san akwai masu cewa wannan kukan masu ƙoshi ne, ana fama da tsadar gero wani yana kukan ciyawa. Na ji. Amma kuɗin nan guminmu ne, tara shi muka yi, kuma cin amana ba ya zama halal don an yi shi a filin golf. Halin da ya sa manajan nan ya karɓi kuɗi ya ɓoye gaskiya shi ne halin mai motar da ke sayar da tikiti alhali injinsa a kwance yake a gareji. In an bar shi a can, a tasha ma za a bar shi.

Mun rubuta musu takarda, muna neman rabin kuɗin wasa da kuɗin shatar motar da suka jawo mana, mun haɗa da hotunan girin ɗin da saƙonnin da suka yi mana alkawari a ciki. Har yau ba amsa. Abokan wasanmu na Marwa da Njamena da suka shirya zuwa da iyalansu a hutun ƙarshen shekara sun ga hotunan, sun kira gidan sun ce a rubuto musu ranakun gyaran fili, da ko an ba wani kamfani haya, da nawa ne ke shiga aljihun kadi, kafin su tura ko sefa ɗaya. Su ma ana ta ce musu manaja ya fita.