Masu Idon da Ba a Gani

Na ji daɗin wani labari da na karanta kan tarihin Runduna ta 655 ta leƙen asirin sojojin saman Amurka na ko-ta-kwana, wadda aka ɗaga darajarta a 2018, hedikwatarta a sansanin Wright-Patterson, jihar Ohayo. Sai dai Malam marubuci, ka taƙaita inda ya fi ɗaukar hankalina. Mutanen nan galibi suna da sana'arsu ta farar hula, lokaci-lokaci suke sanya kaki su zauna gaban kwamfuta suna tantance hotunan sama. Jirage marasa matuƙa irin waɗanda suka riƙa tashi daga Agadas kafin janyewar Amurka a 2024, hoto suke kawowa. Mutum ne zai ce wannan motar 'yan kasuwa ce ko ta 'yan bindiga, kuma kuskurensa rai ne. Don Allah a faɗaɗa mana yadda ake horar da su.