Daren da fasfo ya raba mu a filin jirgi

Ƙarfe 11 saura na dare aka goge jirginmu daga allon sanarwa. Tun ƙarfe 1 na rana ya kamata mu tashi. Aka ce 2 da rabi, aka ce 5, aka ce injin ne ya sami matsala ana jiran masu gyara, daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta ɗauki lasifika ta ce an soke tafiyar sai gobe. A lokacin na riga na yi awa 7 a sama daga Kanada, na ƙara wajen awa 15 a zaune a wani babban filin jirgi na Turai, ga kuma wata awa 6 tana jira kafin in ga gida. Soke jirgin bai ƙona mini rai sosai ba, domin gara a gano matsalar inji a ƙasa da a gano ta a sama. Abin da ya biyo baya ne ya sa nake wannan rubutu.

Muka yi layi a gaban kanta. Duk wanda ya iso sai a ce ya miƙo fasfo. Wasu a ba su takardar otal, a nuna musu ƙofar da bas ke jira. Wasu kuma a miƙa musu bargo mai shara-shara a cikin leda, da ɗan matashin kai, da gorar ruwa, da takardar cin abinci, alhali duk shagunan abincin wurin sun riga sun rufe. Jirgi ɗaya za mu shiga, kuɗin tikiti ɗaya muka biya, amma a cikin minti 40 an raba mu gida biyu. Ni shekarar da ta wuce na karɓi fasfon Kanada. Fasfo biyu ne a aljihuna a daren, na san wanda zan miƙa, shi na miƙa, aka ba ni takardar otal ba tare da an ko ɗaga kai an dube ni ba.

Ina juyowa na ji Hausa. Wata dattijuwa ce zaune a kan keken da ake tura marasa ƙarfi, an ajiye ta a jikin ginshiƙi, wanda ya turo ta ya tashi daga aiki. Waya ce a kunnenta tana cewa, "Ni dai ban san abin da suke faɗa ba, sun ba ni bargo." Na matsa na rusuna na ce, "Hajiya, sannu da hanya." Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, kai namu ne? Don Allah karɓi wayar nan ka yi wa 'yata bayani." Daga Amurka take, ta je ta yi wata uku wurin 'yar tata da ta haihu. 'Yar tana kuka a waya, tana tambayata ko an ba mamanta wurin kwanciya, ko ta sha maganin hawan jini. Maganin yana cikin babbar jakar da aka riga aka shigar tun daga can.

Na koma kanta na yi bayani. Ma'aikaciyar ba ta yi mini rashin kunya ba ko kaɗan, har haƙuri ta ba ni sau biyu. Ta ce otal a wajen filin jirgi yake, wajen filin jirgi kuma ƙasarsu ce, fasfon Hajiya bai ba ta damar shiga ba. Ɗakunan kwanan da ke cikin filin kuwa tun yamma suka cika. Gaskiya ta faɗa. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗauke binciken kan iyaka a tsakaninsu, suna da jerin ƙasashe 12 da mutanensu ke buƙatar biza ko da yada zango kawai za su yi a cikin filin jirgi ba tare da sun leƙa waje ba. Najeriya na cikin jerin, haka Gana da Habasha da Somaliya da Pakistan da Iraƙi. Bizar Amurka da ke fasfon Hajiya ce ta ɗauke mata wannan sharaɗi, to amma iyakar abin da ta ba ta shi ne izinin zama a kujera tana jiran jirgi. Ƙofar fita tana nan tana kallonta, ba ta isa ta bi ta ba.

Bari in kwatanta muku wurin, domin wanda bai kwana a irinsa ba zai ɗauka daɗi ne. Gini ne na gilashi tun daga ƙasa har sama, tsayinsa ya kai mutum ya yi tafiyar minti 20 daga wannan ƙofa zuwa waccan, har an shimfiɗa wata hanya mai tafiya da kanta don rage wa ƙafa wahala. Ko'ina fes. Shagunan turare da agogo da jakunkuna a jere, an ja musu ƙofar raga amma fitilunsu na ci. Fitilun rufi ba a rage haskensu dare da rana, ba ka sanin asuba ta yi sai ka duba waya. Kujerun a haɗe suke, kowace da hannun ƙarfe a tsakaninta da ta kusa, yadda ba yadda za ka yi ka miƙe bayanka. Wajen ƙarfe 2 na dare wata na'urar goge ƙasa ta fito ita kaɗai ba mai tuƙa ta, tana zagaye mutanen da suka kwanta a kan tayil. Kowane ɗan lokaci wata murya da aka naɗa takan gargaɗi matafiya kada su bar jakarsu ba mai tsaro. Sanyin na'ura yana ratsa ƙashi. Wurin cajin waya huɗu ne a jikin ginshiƙi, mutane sun kai 30 suna jiransu. A irin wannan wuri ne wani ɗan Iran, Mehran Karimi Nasseri, ya zauna a filin jirgin Charles de Gaulle na Faris daga 1988 zuwa 2006 saboda rikicin takardu, kuma a nan ya rasu a 2022. Da ina jin labarin kamar almara. A daren nan na ga yadda abin ke farawa.

Ban tafi otal ba. Na haɗa kujeru biyu da jakata na yi wa Hajiya wurin ɗora ƙafa, domin ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga. Wannan kumburi ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman awa 4 ko fiye ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Ga iskar cikin jirgi a bushe take ƙwarai, shi ya sa mutum ke sauka da busasshen maƙogwaro da ciwon kai. Matashi ma yana jin jiki, balle mai shekara 70 da ta yi awa 9 a matse tsakanin kujeru, aka sake bincikar ta a wurin yada zango, aka sa ta cire takalmi, aka karɓe mata man shafawa saboda ya wuce mililita 100 ɗin da aka ƙayyade tun 2006. Na riƙa tashinta muna takawa a hankali zuwa ƙarshen zauren mu dawo. Da ta ce tana son yin salla, wayata ce ta nuna mana alƙibla, ta yi a zaune.

Ba zan ce tsarin mutanen nan ba shi da kirki ba. Tarayyar Turai tana da doka mai lamba 261 ta shekarar 2004 wadda ta tilasta wa kamfanin jirgi ya ciyar da matafiyi, ya ba shi masauki, ya kuma biya shi diyya idan aka soke tafiya ko aka yi dogon jinkiri bisa laifin kamfanin: yuro 250 a gajeren zango, 400 a matsakaici, 600 idan nisan ya wuce kilomita 3,500. Matsalar inji irin tamu tana cikin abin da ake biya. Na cike fam a intanet, bayan makonni kuɗin suka shigo. Na kuma tura wa 'yar Hajiya yadda za ta yi. Ku da ke gida kun san yadda ake yi mana idan jirgi ya makara, ba sai na faɗa ba, kun san wanda ke fitowa ya yi bayani da wanda ba ya fitowa. Laifi tudu ne, na sani.

Amma duk da haka ina nan a kan bakana: a gida ba za a bar wannan baiwar Allah a jikin ginshiƙi ba. Ko babu doka, ko babu fam, wani zai tashi ya ba ta wuri, wani zai nemo mai mabuɗin ofis, wata za ta zauna kusa da ita ta tambaye ta jikokinta nawa. A can kowa ya yi aikinsa daidai, ba wanda za ka kama da laifi, kuma tsohuwa ta kwana a zaune. Ɗaruruwan mutane suka wuce ta gabanta suna jan jakunkuna, ba wanda ya ga abin da ya shafe shi, domin an koya musu cewa akwai ofishin da ke kula da irin wannan. Ofishin kuwa ya rufe ƙarfe 10. Abokan aikina a Kanada da na ba su labari, abin da suka fara tambaya shi ne ko an biya ta diyyar. Tambayar ta dace, amma yuro 600 da za su zo bayan wata biyu ba su ne abin da take buƙata da ƙarfe 3 na dare ba.

Wani zai ce to me ya kai mu bi ta can? Tilas ce. Manyan kamfanonin jirage suna tara matafiya ne a cibiya guda, irin su Istambul da Doha da Dubai da Adis Ababa da Firankfot, sannan su rarraba su, domin ta haka ne jirgi ke cika. Mai zuwa Landan ko Niyok idan ya rasa jirgi, wani na nan bayan awa 2. Mu kuwa sau ɗaya a rana ake zuwa wajenmu, wani lokacin ma ba kullum ba, saboda haka ƙaramin tangarɗa kwana guda ne cur. Ƙasashen Afirka sun amince da buɗe wa juna sararin sama tun yarjejeniyar Yamusukuro ta 1999, aka sake ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya a Adis Ababa a 2018, amma har yau akwai biranen Afirka da hanya mafi sauƙi a tsakaninsu ita ce a fita nahiyar a dawo. Wannan kam ba laifin Turawa ba ne.

Akwai abin da ban gaya wa abokan aikin nawa ba. Ba tausayi kaɗai ya zaunar da ni a wurin ba. Shekara 9 ke nan ina zaune a can, sau 3 kacal na je gida. Watanni kan wuce ban yi Hausa da kowa ido da ido ba, sai ta waya. Da Hajiya ta fara ba ni labarin jaririn, da yadda surukinta ke fita tun duhu ya dawo da duhu, da yadda ta yi wata uku ba maƙwabcin da ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai na ji ba na son gari ya waye. Muryarta irin ta mahaifiyata ce, har yadda take jan "to" idan ta gama magana. Can ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, mahaifiyarka tana raye?" Na ce tana nan. Ta ce, "Yaushe rabonka da ita?" Na ce shekara uku. Ba ta ce komai ba, sai ta gyara bargonta.

Tun daga nan lissafin da nake yi ya sauya. Da ina ƙirga nisan gida da awannin da aka rubuta a tikiti, 7 da 6 da ɗan jira a tsakani. Yanzu na san idan aka kira ni da daddare aka ce in taho maza, sai na nemi kujera, sai na tsallaka teku, sai na zauna a ƙarƙashin fitilun nan ina kallon allo, kuma ƙusa ɗaya da ta kwance a inji ta isa ta ƙara mini kwana. Sabon fasfon yana buɗe mini ƙofar otal, amma bai rage ko awa ɗaya daga wannan hanya ba. Na san mutane biyu a garin da nake zaune da suka sami labarin rasuwar iyayensu a wurin yada zango, waya a hannu, a tsakiyar baƙi.

Washegari ƙarfe 2 na rana muka tashi. An sa Hajiya a gaba kusa da ƙofa, ni ina can baya. Da muka sauka aka fara fitar da ita a kan keke, kafin in fito daga wajen jami'an shige da fice 'yan uwanta sun tafi da ita. Ban ma tambayi sunanta ba. Na kunna waya ina jiran jakata, sai ga kira 11 da ban ɗauka ba, duk daga mahaifiyata. Ƙanina ya gaya mini daga baya cewa tun jiya da yamma take zaune a bakin ƙofa, ta ƙi shiga ta kwanta.