A auna su da abin da ya rage a rumbu

Kamfanoni da ƙungiyoyin nan masu ba manoma bashin iri da taki, waɗanda ke cewa kasuwanci suke yi amma don talaka ya amfana, sun yawaita a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, daga Giwa har Soba da Ikara. Ina goyon bayansu, domin manomin da banki ba ya ko kallonsa ya samu mai ba shi taki tun kafin ruwa ya zauna. Inda nake da ja shi ne yadda ake auna nasararsu.

Bayaninsu kusan iri ɗaya ne: mun yi wa manoma kaza rajista, mun raba buhu kaza, kusan kowa ya biya bashinsa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanenmu suna jin kunyar bashi ƙwarai, balle inda aka haɗa su rukuni, in ɗaya ya gaza a kama sauran. Shekarar da masara ta faɗi a kasuwa, mutum zai sayar da bijimin da yake huɗa da shi, ko a ja akuyar uwargida zuwa kasuwar Giwa, don kada a ce shi ya ja wa 'yan uwansa. A littafin kamfani an rubuta ya biya. A gidansa kuwa an rage awo, an cire yaro ɗaya daga makaranta, kuma babu wanda ya zo ya tambaya.

Ni a ganina, a daina zuwa ƙirge da kaka kawai, lokacin da buhuna ke jibge a ƙofar gida. A zo a watan Agusta, sabon hatsi bai nuna ba, a leƙa rumbu. Yana cin nasa ne, ko ya koma sayen mudu da tsada bayan ya sayar da araha? A kwatanta shi da maƙwabcinsa wanda bai shiga tsarin ba, gonarsu kusa da juna, ruwa ɗaya suka samu. In ba haka ba, damina mai albarka sai kamfani ya ce aikinsa ne, ranar da tsutsar nan da ta shigo mana a 2016 ta cinye masara kuma a bar manomi da ƙaddara. A ƙirga kuma mutum nawa suka dawo baɗi da son ransu, a nemi waɗanda suka fita a ji dalilinsu. Matan da ke surfe da yin ƙuli-ƙuli ma a tambaye su, su suka san ranar da hatsi ya ƙare.

Kuma kada mai raba bashin ya zama shi ne mai awon kansa, manomi ba zai faɗa wa wanda yake jiran taki a hannunsa gaskiya ba. Ga NAERLS, cibiyar yaɗa dabarun noma ga manoma, da IAR, cibiyar binciken aikin gona, a Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da malaman gona da ɗalibai masu jin yaren manoma. NAERLS ta saba zagayen duba amfanin damina duk shekara. Masu zuba kuɗi a waɗannan kamfanoni su ware wani abu su ba irin waɗannan aikin, sakamakon kuma a karanta shi da Hausa a gaban manoman, a ƙauyensu.