Auren Baji a Gidan Bakano

Bakano ya sayo baji biyu, 'yan ƙananan tsuntsayen nan dangin aku masu surutun tsiya, ya rataye kejinsu a zaure. Tun a hanya ya gama lissafin ribar shekara uku. Da aka kwana 40 shiru, sai ya aika a kira masa Bazazzagi, wanda ya daɗe yana kiwonsu. Hajiya na tsakar gida tana tsintar shinkafa, kunnenta kuwa yana zaure.

Bazazzagi: Salamu alaikum. Ina bawan nan nawa?

Bakano: Wa alaikumus salam. Shigo, yaushe bawa ya fara sallama a gidan ubangidansa? Zo ka gani, hannu aka sa min. Ƙwai 11 na ƙirga da idona, yau kwana 40, ko ɗaya bai fashe ba.

Bazazzagi: Ƙwan baji kwana 18 yake yi. Miƙo tocila. Ka ga, in ƙwai na da ɗa, bayan mako ɗaya kana haska shi za ka ga jajayen jijiyoyi. Wannan kuwa fayau yake, kamar aljihun malamin makaranta ranar 25 ga wata.

Bakano: Ban faɗa ba? An ɗauke 'ya'yan ta cikin ɓawo.

Bazazzagi: Bar maganar hannu, dubi hancinsu. Nan saman baki, inda 'yan ƙofofin suke. Na namiji shuɗi ne, kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. Na mace fari-fari ne, in ta shirya yin ƙwai ya koma ruwan ƙasa, ya yi ɓawo kamar ƙanzo. Na wannan wane launi ne?

Bakano: Ƙanzo.

Bazazzagi: Na ɗayan fa?

Bakano: Shi ma... ƙanzo ne, amma bai ƙone sosai ba.

Bazazzagi: Innalillahi! Mata biyu ka haɗa, ka zauna jiran suna. Mai tsuntsun bai yi maka bayani ba?

Bakano: Ya fara wata magana a kan hanci, ni kuwa ina tsakiyar neman ragi. Da na ji kuɗinsu ɗaya ne, sai na ce ya zaɓo min waɗanda suka fi nauyi. To in ba miji, ƙwan daga ina?

Bazazzagi: Kazar gidan gona zakara take jira? Kuma mace ɗaya ƙwai 4 zuwa 6 take yi galibi, yau ta yi, gobe ta huta, jibi ta ƙara. Kai ka ga 11, maimakon ka tsargu sai ka ɗauko kalkuleta.

Bakano: To ai abin ya zo da sauƙi. Namiji ɗaya za a sayo, ya riƙe su duka biyun. Ga sunna, ga tattali.

Hajiya: (daga ciki) An zo wurin. Dama tun ɗazu nake jira.

Bakano: Hajiya, maganar tsuntsaye muke yi.

Hajiya: Haka ka ce bara, sai ga akwatunan lefe.

Bazazzagi: Ranki ya daɗe, tsuntsuwar ma tana bayanki. Macen baji ba ta haɗa ɗaki. Ka sa su keji ɗaya da miji, sai ta faki ido ta faɗa akwatin 'yar uwarta, ta fasa ƙwai, in akwai 'ya'ya ta ji musu ciwo ko ta kashe. Keji ɗaya, miji ɗaya, mata ɗaya. Ɗayar ka ware ta.

Bakano: Wannan ba tarbiyyar ƙasar nan ba ce. Daga ina suka fito ne?

Bazazzagi: Ostareliya. Can a daji suke, garke-garke. Wani Baturen Ingila, John Gould, shi ya kai su ƙasarsu a 1840, daga nan suka bazu duniya.

Bakano: Nawa ya sayar?

Bazazzagi: Allah Ya shirye ka. Ina da kore guda, ya haura shekara, zan ba ka aro. Kar ka ce za ka sayo yaro don ya fi araha, wanda bai kusa shekara ba ba a yi masa aure. Ladana ɗa ɗaya in an ƙyanƙyashe. Amma sai ka yi wa amarya kayan ɗaki.

Bakano: Har da kayan ɗaki?

Bazazzagi: Akwatin katako kawai, mai 'yar ƙofa zagayayya. Ka ce wa kafinta ya ɗan rarake ƙasan kamar ƙoƙo, don kada ƙwai ya gangare. Ba sa saƙa sheƙa, a kogon itace suke haihuwa a garinsu. Sannan ka daina ba su gero zalla. Alayyafo, karas, dafaffen ƙwai, ɓawonsa ma ka daka musu. In jikinta ya rasa abin yin ɓawo, ƙwai zai iya maƙale mata ta mutu. Albasa da fiya kuwa ko kusa.

Bakano: Dafaffen ƙwai? Ni da rabona da ƙwai tun ƙaramar salla? Tsaya ma, ga guda 11 nan a banza, a dafa musu.

Bazazzagi: Na kwana 40? Fasa ɗaya a zauren nan mu ga wanda zai fara fita. Abin da ya rage, ba ka da ikon tilasta su. In ta yarda da shi, za ka ga yana kaɗa kai, yana ƙwanƙwasa mata baki, yana amayo abinci yana ba ta. In ta hau ƙwai kuma, ita kaɗai ke kwanci, shi ke ciyar da ita har ta sauka.

Hajiya: Malam, maimaita wannan na ƙarshen da ƙarfi.

Bakano: Hajiya, shinkafarki za ta ƙare a bakin kaji.

Hajiya: Jegon Sani, ƙafar saniya ɗaya ka kawo a yi ƙauri, ka ce sauran ukun sai wata haihuwar.

Bakano: Kuma ban cika alkawari ba? Ba kin haifi uku bayansa ba?

Aka kawo ango. Kwana biyun farko amarya ta yi ta tsattsage shi, Bakano yana tsaye yana ba shi haƙuri kamar waliyyi. Daga baya suka shirya. Wata biyu da 'yan kwanaki, da sassafe, sai ga ɗan aike a ƙofar Bazazzagi: Alhaji ya ce ka zo yanzu, ko shayi kar ka tsaya sha.

Bazazzagi: Lafiya? Ba dai mutuwa aka yi ba?

Bakano: Gara mutuwa. Leƙa akwatin nan. 'Ya'ya 4, sun fito jajur kamar tsoka ban ce komai ba. Yanzu gashi ya fito. Uwa koriya, uba kore. Uku koraye. Wancan shuɗin ɗan wa?

Bazazzagi: Ɗansu ne mana.

Bakano: Kana da wani shuɗi a gidanka, na gan shi, mai yawan kallon mutane. Faɗa min gaskiya.

Bazazzagi: Daga Tudun Wada zai taso da dare, ya buɗe kejinka, ya koma kafin asuba? Gado ne, bawan Allah. Asalin baji a daji kore ne da rawaya. Shuɗi ɓoyayye ne a jini, kore yana danne shi. Sai uwa tana ɗauke da shi, uba ma yana ɗauke da shi, sannan ya bayyana, kusan ɗaya cikin huɗu. Kai ma ga ka nan kamar bayan tukunya, Sani kuwa fari tas. Ka taɓa kai ƙara?

Hajiya: Kakata Bafillatana ce, kowa ya sani. Kar a sa ni a ciki.

Bakano: Ni dai ban yarda ba. A gidana ba za a raini ɗan da ba a san asalinsa ba. Kai ka ce ladanka ɗa ɗaya, to ga shi nan, kwashi abinka.

Bazazzagi: Alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Dama akwai wani Alhaji a layinmu da ya matsa min sai shuɗi, har ya yi tayin kuɗin koraye biyu. Sai dai ba yau ba. Sai ya fito daga akwati, wajen kwana 30 zuwa 35, ya ƙara mako ɗaya ko biyu ya iya ɓare gero da kansa.

Bakano: Kuɗin nawa ka ce?

Bazazzagi: Na koraye biyu.

Bakano: Miƙo tocilar nan. (Ya daɗe yana leƙe.) Ikon Allah. Hajiya, zo ki ga goshin yaron nan, sak na marigayi Baffa.

Bazazzagi: Yanzun nan ka ce ba a san asalinsa ba.

Bakano: Da duhu na duba. Zaɓi cikin korayen, ga wancan ɗan autan mai ƙaton ciki. Kafin nan kuma zauna mu yi lissafi: angonka ya yi kwana 67 a gidana, ci da sha da wurin kwana, ban da dafaffen ƙwai.

Hajiya: Ƙwan na kajina ne. Malam, in za ka biya, ta labule za ka miƙo.