Waƙafi Biyu Sun Hana Ni Tuwo

Shekarata 12 ina koyar da Turanci a sakandare, amma ranar Juma'ar da ta wuce a gidana na faɗi jarrabawa.

Don in burge maiɗakina na rubuta a Facebook: "My wife who cooks the best tuwo is a blessing." Na dawo gida da magariba ina baza hanci, sai na tarar murhu a sanyaye.

"Malam, ɗayar fa, me take dafawa?"

"Wace ɗayar?"

Ta miƙo mini waya. Na manta ita ma Turancin ta karanta. A nahawun Turanci, ganga (wato yankin jimla mai ɗauke da nasa aikatau) mai farawa da "who" iri biyu ce. In babu waƙafi, tantancewa take yi: cikin matana, ga wadda ta iya tuwo. In an killace ta da waƙafi gaba da baya, ƙarin bayani ne kawai da aka cusa a tsakiya, matar kuma ɗaya ce tal. Wato da hannuna na shelanta wa duniya na yi mata kishiya. Abin haushin, ni ne kullum nake yi wa 'yan aji shida ihu a kan wannan, don WAEC ba ta gajiya da tambayar sunan irin wannan ganga da aikinta a jimla.

Na ce, "Haba uwargida..."

"Uwargida? To amaryar tana wace unguwa?"

Jikina na rawa na gyara, na sa waƙafi bayan "wife", na mance da na bayan "tuwo". Ta ce yanzu kuma na buɗe ƙofa ban rufe ba. Ta ɗora yatsa a kan allon wayar ta rufe abin da aka cusa, yadda nake koya wa yara: in ragowar ta tsaya da ƙafarta, "My wife is a blessing", to waƙafi biyu ne, ko baka biyu, amma ba ɗaya ba.

Don in farfaɗo da martabata na kawo mata tarkon da nake kama ɗalibai da shi: "The principal, as well as the teachers, ..." me zai biyo baya? Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce "is", domin aikatau da shugaban makaranta yake tafiya, malaman 'yan rakiya ne.

Wajen mai shayin bakin layi na ci abincin dare, Indomie da ƙwai biyu. Ina cikin ci ƙanwar mahaifiyata ta bugo daga Funtuwa, wai me ya sa ba a gayyace ta ɗaurin auren ba.