Ta warke daga ciwon daji, to a sassauta mata gishiri

Jiya an yi suna a gidanmu na Birni a Damagaram, na ga abin da ya hana ni barci. Ɗiyar ƙanwata, wadda aka cire wa ƙoda guda tana shekara 4 saboda ciwon daji, tana zaune an kewaye ta: wannan ya miƙa mata lemun kwalba, waccan ta ƙara mata soyayyen nama, kaka kuma na cewa "ku bar ta ta ci, ta sha wuya." Da na yi magana, sai Inna ta ce mini: "Ke, kishi kike da yarinya?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ni na raka su Yamai, kusan kilomita 900, ba sau ɗaya ba. Na ga jan maganin nan da ake sa mata a ƙarin ruwa, wanda har fitsari yake rinawa. Sunansa doxorubicin. Da yardar Allah shi ya taimaka ya kashe ciwon, amma likita bai ɓoye mana ba: yana iya raunana naman zuciya, kuma ba lalle a gani yanzu ba, wani sai bayan shekara 10 ko 20. Haka gasa ciwon da ake yi da hasken na'ura idan ya taɓa ƙirji. Gwargwadon yawan maganin da jiki ya karɓa, da ƙanƙantar yaro lokacin jinya, gwargwadon hatsarin. Maganin dai ya riga ya shiga, ba mai fitar da shi. Abin da ya rage hannunmu shi ne kada mu ɗora wa zuciyar nan hawan jini da ciwon suga da teɓa.

To duba tukunyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙaramin cokalin shayi bai cika ba, yaro kuwa ƙasa da haka. Mu a miya guda sai a sa gishiri, a jefa dunƙulen maggi uku, a ƙara kanwa, sannan a ajiye yaji mai gishiri a gefe. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce a jiki. Mai ƙoda ɗaya fa ake ba wa wannan.

Abin da ya fi damuna yana gaba. Wata rana za a aurar da ita, ciki kuwa yana ƙara wa zuciya aiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Wa zai gaya wa uwar mijinta kada ta dama mata? Shi ya sa na hana ƙanwata jefar da karnen asibitin, wato littafin jinyarta, wanda sunan maganin da adadinsa ke ciki. Duk likitan da zai duba ta, ko bayan shekara 20, ya fara karanta shi, ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya yi hoton zuciya.

Na san mai cewa talaka ina ya ga zaɓin abinci. Amma abin da ake so ta ci shi ya fi araha a kasuwar Dole: tuwon hatsi, wake, kwaɗon zogale, miyar kuka da kuɓewa, gyaɗa, fura da nono ba tare da an cika suga ba. Daddawa da albasa sun isa miya ta yi daɗi, kakanninmu da su suka yi girki. Kuma a bar ta ta yi wasa da 'yan uwanta, a daina "zauna kada ki gaji," sai in likita ne ya hana.

A ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 ke warkewa daga ciwon daji, a ƙasashe irin namu sau da yawa ba su kai 30 ba. Tamu tana cikin waɗanda suka tsallake. Yau da safe na kai wa ƙanwata tiya biyu ta wake da ƙullin daddawa, na kwashe sauran kwalaben lemun sunan na raba wa maƙwabta. Inna har yanzu ba ta amsa gaisuwata ba.